Sheƙar Shamuwa: kantin kayan jarirai da ake biya da katin awo

Kanti ne, amma babu akwatin kuɗi a cikinsa. Kantoci ne jere da pampas, rigunan jarirai, safa, shawul, bahon wanka da kwalaben shayarwa, a can ƙurya kuma an jingine manyan kaya irin su kujerar mota da ɗan gadon nan mai naɗewa. Kowane kaya da lamba manne a jikinsa, sai dai lambar ba ta dala ba ce, ta maki ce. Mai juna biyu takan shigo da kati a hannu, wanda nas ko likita ya sa wa hannu a duk ranar da ta je awo. Matan da ke tsaron wurin, galibi sanye da shuɗi da fari, su duba katin, su tara mata makinta, ta zaga ta ɗauki abin da makin ya kai, a cire a rubuta saura. Ba a karɓar ko sisi.

Sunansa a Amurka Stork's Nest, wato sheƙar shamuwa. A tatsuniyar Turawa shamuwa ce ke kawo jarirai a bakinta, kamar yadda tamu ke kawo albishir ɗin damina, to daga nan sunan ya fito. Masu gudanar da shi rassan wata ƙungiyar mata ce mai suna Zeta Phi Beta, tare da gidauniyar March of Dimes, kuma ya haura shekara 50 yana aiki. Hukuncinmu a kansa tun daga farko shi ne: kayan da ke kan kantocin ƙugiya ce kawai, abin da ake son kamawa shi ne zuwa awo da wuri da kuma zaman aji. Wadda ta gane haka za ta amfana sosai. Wadda ta je da tunanin za a haɗa mata kayan haihuwa kaf za ta dawo tana tsaki.

Kafin a shiga kantin, gara a san masu shi, domin ƙarfinsa da rauninsa duk daga wurinsu suke.

Mutumin Najeriya in ya ji an ce ƙungiyar ɗalibai mai rantsuwar shiga da gaisuwar hannu ta musamman, hankalinsa kan tafi ga ƙungiyoyin asiri na jami'o'inmu. Wannan daban ce. Abin da Amurkawa ke kira sorority ƙungiyar zumunta ce ta mata 'yan jami'a, mai rajista, mai ofis, mai kundin tsari, ana raɗa mata suna da haruffan Girka. Na Baƙar fatar Amurka manya guda huɗu ne: Alpha Kappa Alpha ta 1908, Delta Sigma Theta ta 1913, Zeta Phi Beta ta 1920, sai Sigma Gamma Rho ta 1922. Ukun farko duk a Jami'ar Howard da ke Washinton aka kafa su. Zeta ta fara ne ranar 16 ga Janairun 1920 da ɗalibai biyar: Arizona Cleaver, Pearl Neal, Myrtle Tyler, Viola Tyler da Fannie Pettie. Ita ce ta fara buɗe reshe a Afirka, a Monrobiya ta Laberiya, a 1948. Ba a ce ba su da tabo ba. Azabtar da masu neman shiga ya daɗe yana ɓata sunan irin waɗannan ƙungiyoyi, har a 1990 suka haɗu suka soke tsohon tsarin ɗaukar sababbin mambobi, kuma har yau ana kama masu karya dokar.

Abin da ya bambanta su da ƙungiyoyin ɗalibai na yau da kullum shi ne ba a fita in an gama karatu. Mace takan shiga tana da shekara 20, ta tsufa a ciki. Bayan jami'a sai ta koma reshen manya na garin da take zaune, inda za ta tarar da malaman makaranta, nas-nas, lauyoyi, ma'aikatan jin daɗin jama'a da waɗanda suka yi ritaya. A Zeta ana gane reshen manya da sunansa, domin da kalmar Zeta yake ƙarewa. Waɗannan rassan ne ke ɗauke da aikin al'umma, da kuɗin shekara da mambobi ke biya daga aljihunsu da kuma bukukuwan tara kuɗi.

Reshen da ya haifi Sheƙar Shamuwa shi ne Epsilon Zeta na birnin Atlanta, jihar Jojiya. Zeta ta daɗe da kafa gindi a garin, domin kwalejin Morris Brown na cikin wuraren farko da ta buɗe reshe bayan Howard. A 1971 reshen March of Dimes mai kula da gundumomin Fulton, DeKalb da Clayton yana da wani shiri na inganta lafiyar jarirai mai suna Better Infant Births, wanda ya tattaro ƙungiyoyin mata na garin kowace ta ɗauki nata ɓangaren. Matan Epsilon Zeta suka ɗauki batun kayan jarirai, amma ba su raba shi a matsayin sadaka ba, sai suka ɗaura shi da zuwa awo. A tuna da zamanin: Medicaid, inshorar lafiyar marasa ƙarfi, shekararta shida kacal da kafuwa, kuma ba ta kai ga yawancin masu ciki ba sai da aka faɗaɗa ta a ƙarshen shekarun 1980. Shirin WIC mai ba masu ciki da yara abinci ko buɗe ƙofarsa bai yi ba, sai 1974. Dabarar ta karɓu da sauri, a 1972 uwar ƙungiya ta mayar da ita aikinta na ƙasa baki ɗaya, rassa a wasu jihohi suka shiga buɗe nasu.

Ita ma March of Dimes tana da labarin da zai taɓa duk wanda ya ga gwagwarmayar shan inna a ƙasar Hausa. Shugaba Franklin Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa sun shanye, ya kafa ta a 1938 don yaƙi da cutar, aka roƙi jama'a kowa ya aika da ƙwandalar santi goma, wadda ita ce dime ɗin da ke cikin sunan. Da wannan kuɗin aka ɗauki nauyin binciken allurar Jonas Salk, wadda aka sanar da nasararta a 1955, da kuma na ɗigon baki na Albert Sabin, irin wanda ake bi gida-gida ana ɗiga wa yaranmu. Da shan inna ya lafa a Amurka sai ta juya ga naƙasar da ake haihuwar yara da ita a 1958, daga 2003 kuma ta sa haihuwar bakwaini a gaba. A wannan haɗin gwiwa ita ke kawo darasi da horo, Zeta ke kawo mutane da kaya, asibiti ko coci ko cibiyar unguwa ta ba da ɗaki.

Dalilin da aikin bai tsufa ba yana cikin alƙaluma. A Amurka kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma bakwaini ce, wato kafin cikar mako 37. A tsakanin mata baƙar fata abin ya kusa ninki ɗaya da rabi na sauran. Mutuwar jarirainsu kafin shekara guda ta ninka ta farar fata sau biyu, mutuwar su iyayen sanadin ciki da haihuwa kuwa kusan sau uku. Jojiya na cikin jihohin da suka fi shan suka a rahoton da March of Dimes ke fitarwa duk shekara.

Yanzu ga yadda ake shiga. Kowane reshe da nasa ƙa'idoji, amma hanyar kusan ɗaya ce. Ana nufin masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a wurare da yawa ba a shigowa kai tsaye daga titi, sai asibitin da kike awo, ko ofishin WIC, ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta tura ki da takarda. Saboda haka tambayar farko a teburin awo za ki yi ta. In ba su sani ba, a kira lamba 211, layin da ke haɗa mutane da ayyukan taimako na yankinsu, wanda shi ma a Atlanta aka fara shi a 1997. Ranar rajista a tafi da shaidar ciki daga asibiti mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa, da katin shaida, da katin Medicaid ko na WIC in akwai. Za a ba ki katin maki ko ɗan littafi. Daga ranar, duk inda kika je kan maganar cikin nan, katin yana jaka.

Abubuwan da ke kawo maki galibi su ne zuwa awo, zaman aji, cika alkawarin WIC, dubawar bayan haihuwa, kai jariri awon lafiya da rigakafi, ga mai shan taba kuma shiga shirin dainawa. Wasu rassan suna ƙara wa wadda ta zo da maigida aji, ko ta kawo wata mai cikin. Wasu suna rufe katin da an haihu, wasu suna barin sa har yaro ya shekara. Wannan tambaya ce ta ranar farko, domin ita ke nuna ko za a kashe maki kafin haihuwa ko a adana.

A nan ne lissafin ya fi daɗi, kuma a nan aibi na farko ya ɓuya. Jadawalin awo da aka saba a Amurka shi ne sau ɗaya duk mako huɗu har mako na 28, sau ɗaya duk mako biyu har na 36, daga nan duk mako har a sauka. Wadda ta fara a mako na 8 ta kai na 40 za ta je sau 14. Wadda ta zauna a gida sai mako na 28 za ta je sau 9. In maki ɗaya ake ba kowace ziyara, to mai latti ba ta yi wata asarar a-zo-a-gani a kanti ba, biyar kawai ta rasa cikin sha huɗu. Amma a jikinta asarar ba ƙarama ba ce. Ta rasa gwajin jini na farko da ke nuna ƙarancin jini, rukunin jini, sikila da cututtukan da ke iya kama ɗan tayi. Ta rasa hoton farko da ya fi dacewa wajen tsayar da kwanan ciki, da babban hoton mako 18 zuwa 22 da ake duba gaɓoɓin yaro da wurin da mabiya ta zauna. In tana cikin masu haɗarin hawan jinin ciki, ƙaramin asfirin mai miligiram 81 da likita kan rubuta an fi son a fara shi kafin mako na 16, shi ma ya wuce ta. Gwajin suga, wanda ake shan ruwan zaƙi mai giram 50 a ɗebi jini bayan awa guda, tsakanin mako 24 da 28 ake yi, ta zo masa a ƙurarren lokaci. Reshen da ya san aikinsa yakan gyara wannan ta hanyar ba da maki mai tsoka ga wadda ta fara awo a watanni ukun farko. Inda ba a yi haka ba, tsarin yana biyan ƙarshen ciki fiye da farkonsa, alhali farkon aka kafa shi don ya ceto.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kunyar ciki, musamman na fari, da al'adar ɓoye shi har sai ya fito da kansa, ba a barin su a filin jirgi. Matan Hausawa da ke Bronx a New York, ko Greensboro a jihar North Carolina, ko kewayen Atlanta da Washinton, da yawansu sun taho da ita, ga kuma babu uwa ko gwaggo kusa da za ta lura ta ce a tafi asibiti. Zuwa awo a mako na 8 bai zama shela ba, dokar sirrin marasa lafiya ta hana asibiti gaya wa kowa.

Kayan kantin fa? Mu bi su yadda suka cancanta.

Pampas shi ne sarki, kuma shi ya fi saurin ƙarewa a kanta. Dalili a fili yake: WIC ba ya sayen pampas, katin abinci na SNAP ma ba ya saye. Sabon jariri yana ɓata 8 zuwa 12 a rana, wato wajen 300 a wata na farko. Babu Sheƙar da za ta iya ɗaukar wannan, abin da za ki samu cikon giɓi ne na mako ɗaya ko biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba maki a kan mafi ƙanƙantar lamba, wadda ke tsayawa a kilo huɗu da rabi. Yaro mai jiki yakan wuce ta kafin a yi arba'in, wani ma kafin sati uku. Gara a ɗauki fakiti ɗaya nata, sauran a ɗauki lamba 1 da lamba 2. Su kuma masu ba da gudummawa kuskure ɗaya suke yi, kowa ƙanana yake saye don sun fi ban sha'awa, shi ya sa manyan lambobi suka fi wuyar samu.

Riguna su ne suka fi cika ido kuma suka fi arha a maki, amma su ne abin da ba za ki rasa ba ranar suna, 'yan barka za su kawo har su yi yawa. Kada a ɓata maki a nan sai dai kayan sanyi in haihuwar za ta faɗo a hunturu. Na'urar tatsar nono ma a bar ta, doka ta wajabta wa yawancin inshora su biya ta, kuma WIC kan taimaka.

Inda maki ya fi daraja shi ne manyan kaya biyu: kujerar mota da wurin kwanciya. Dokar kowace jiha ta wajabta ɗaure jariri a kujerarsa in yana cikin mota, kuma ma'aikatan asibiti za su tambaye ta ranar sallama. Kafin a ɗauka a juya ta a duba takardar da ke manne a gindinta ko a gefe: akwai ranar ƙira da lambar samfuri. Kujerun nan suna da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, domin roba na gajiya da zafi da sanyi. Ta jariri baya take kallo, a kujerar bayan mota. In an ɗaure ta daidai ba za ta motsa fiye da inci ɗaya ba idan aka girgiza ta a wurin bel, maƙallin ƙirji ya tsaya daidai hammata, kuma ba a sa yaro a ciki da rigar sanyi mai kauri, sai a ɗaure shi tukuna a lulluɓe daga sama. Sheƙar da ta ba da kujera ba tare da ta nuna ɗaurin ba ko ta tura ki wurin mai takardar shaidar koyar da shi, rabin aiki ta yi.

Wurin kwanciya kuwa, shimfiɗa ce mai tauri, miƙaƙƙiya, da zanen gado mai kama katifa, ba matashi, ba bargo, ba 'yar tsana, yaro a rigingine. Tun 2011 aka haramta sayar da gadon da gefensa ke zamewa ƙasa, a 2022 kuma aka haramta katifun da ake zagaye gefen gado da su da kuma gadajen da ke kwantar da jariri a karkace. Wannan ne dalilin da ya sa rassa da yawa ba sa karɓar gado ko kujera ta hannu daga masu gudummawa, komai kyanta. Mai kawowa yakan ji haushi, amma suna da gaskiya, ba wanda zai iya duban kujera da ido ya san ko ta taɓa shiga haɗari.

Matsalar manyan kayan ita ce sun dogara da abin da aka samu. Kujera uku za ta shigo, mata ashirin na tara mata maki. Mace takan yi wata huɗu tana haƙuri ba ta taɓa makinta ba, ranar da ya cika ta tarar an ɗauke ta ƙarshe. Maganin shi ne a tambaya tun farko ko ana rubuta suna a layi, in kuma mako na 34 ya zo ba tabbas, a nemi wata hanyar. Ma'aikatun lafiya na gunduma da wasu asibitoci suna da nasu shirin raba kujera da gado. Naƙuda ba ta jiran kwamiti ya zauna.

Ajin shi ne abin da ya fi kanti daraja, ko da yake ba shi ke jawo mutane ba. Darasin da aka fi amfani da shi na March of Dimes ne, mai suna Becoming a Mom, yana da Turanci da Sifaniyanci. Ya ƙunshi abinci, folik asid mai maikrogiram 400 a rana, illar taba da giya, damuwa, alamun naƙudar bakwaini, haihuwa, shayarwa da kula da jariri. Mafi amfaninsa shi ne yana sa mace ta haddace abin da ba a kwana da shi a gida: marar da ke ɗaurewa akai-akai kafin mako 37, fashewar ruwa, jini, ciwon baya mai nauyi da ba ya tafiya, raguwar motsin yaro, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Awon hawan jini 140 bisa 90 na kiran likita ne, 160 bisa 110 na tafiya asibiti ne nan take, kuma wannan haɗarin bai ƙare da haihuwa ba, yana iya tasowa cikin makonnin jego. Likita a ɗakin awo minti kaɗan gare shi. A aji akwai lokacin tambaya, akwai kuma wasu matan da ke kan hanya ɗaya. Ingancin ajin ya danganta da wadda ke gaba: inda nas ko ungozoma ce daga cikin mambobi, ana tashi da ilimi, inda karanta takarda kawai ake yi, sa hannun ake jira.

Sai dai an ɗinka darasin ne a jikin Baƙar fatar Amurka da masu jin Sifaniyanci, ba a jikinmu ba, kuma akwai abubuwan da mai koyarwa ba za ta san ta tambaya ba. Ba za ta kawo maganar kwalli ba, alhali na gargajiya sau da yawa cike yake da dalma, an hana shigo da shi Amurka, kuma hukumar lafiyar ƙasar ta taɓa ba da rahoton jaririn wasu 'yan Najeriya da aka samu gubar dalma a jininsa ta dalilinsa. Ba za ta san ana lasa wa jariri zuma ba, wadda likitoci suka hana kafin shekara guda saboda wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jarirai. Ba ta san kunun kanwa da wankan jego ba, waɗanda likitocin Zariya suka daɗe da danganta yawansu da ciwon zuciyar masu jego, abin dubawa ne sosai ga wadda jininta ya hau. Haka maganar azumin Ramadan da ciki, da maganin ƙarin jini mai ɓawon jelatin wanda ake iya musanyawa da ƙwaya. Duk waɗannan sai ke kin tayar da su. Game da harshe, asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar da tafinta kyauta, yawanci ta waya, amma ajin 'yan sa-kai ba lalle ya samu ba. Wadda Turancinta bai nuna ba ta tafi da 'yar'uwa. Wasu Sheƙun a harabar coci suke, don nan aka samu ɗaki kyauta, amma darasin na lafiya ne, kuma ba a tambayar addinin kowa a katin maki.

Babban aibin aikin daga tushensa yake. Masu tsaron kantin suna da nasu ayyukan yi, saboda haka wurare da yawa ba sa buɗewa sai 'yan sa'o'i, wasu Asabar ɗaya ko biyu a wata. Matar da ke aikin kula da tsofaffi, ko kitso, ko aikin sito, Asabar ce ranar samunta. Ga sufuri: a Atlanta jirgin ƙasa na cikin gari, wato MARTA, kusan bai fita daga Fulton da DeKalb ba, yawancin baƙi kuma a bayan gari suke zaune. Motar da Medicaid ke turowa kyauta, wadda a Jojiya ake nema kwana uku na aiki kafin ranar, asibiti take kaiwa, ba aji ba. Sakamakon haka tsarin yakan fi saka wa wadda dama tana da mota da miji mai sauƙin aiki, ita kuwa wadda ta fi kowa buƙata takan tashi da maki mafi ƙaranci. Rassan da suka kafa kantinsu a cikin asibitin awo, a ranar awo, sun fi kowa magance wannan, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu. Darasi ta intanet, wanda ya yaɗu tun annobar korona, ya rage wahalar, amma ya tafi da hirar da ake yi bayan an tashi, wadda a nan ake samun ƙawa mai raka ki asibiti da tsakar dare.

Sai ƙananan abubuwan da ke cinye maki a banza. Nas ta manta ba ta sa hannu ba, ke ma kin manta, ranar kanti a ce babu shaida. Kafin ki bar tebur ki miƙa katin, ki kuma karɓi takardar taƙaita ziyara da ake bugawa, yawancin rassa za su karɓe ta a madadi. Kati ya ɓace: a riƙa ɗaukar hotonsa a waya bayan kowane sa hannu. An canza asibiti ko an ƙaura wata gunduma: maki ba ya bin mutum daga reshe zuwa reshe sai in sun yarda, a kashe kafin a tashi. Shugabancin reshe kuma yana sauyawa bayan 'yan shekaru, wata shugabar kwamitin ta zo da himma, wata ta zo da wani aikin da ta fi so, don haka labarin da maƙwabciya ta ba ki na shekara uku da suka wuce a sake tabbatar da shi ta waya.

Duk da haka, irin wannan dogaro da reshe shi ne ya sa abin ya rayu. Shirin da gwamnati ko wata gidauniya ta ɗauki nauyinsa yakan mutu ranar da tallafi ya ƙare. Wannan kuwa yana hannun matan da suka yi rantsuwar zama tare har tsufa, suna da 'yan matan da suke renon su a ƙananan ƙungiyoyinsu tun daga shekara 4 har 18, waɗanda ke zuwa su jera kaya, suna da ƙawayen ƙungiya da ake kira Amicae. Duk watan Nuwamba, wanda a cikinsa ake ranar bakwaini ta duniya, suna zaga wuraren ibada da faɗakarwa, duk shekara kuma suna fita tattakin tara kuɗi na March for Babies. Kantin da ake cikawa da irin wannan hannu ba ya cika maƙil, amma ba ya cika rufewa.

Ga wadda ta dace da shi: mai cikin fari, mai ƙaramin ƙarfi, wadda danginta ke nesa, kuma ta shiga kafin wata na huɗu. Ga wadda ta riga ta kai wata takwas, ta je don ajin alamun haɗari da na kwanciyar jariri, amma kujera da gado ta nema a wani wuri. Ga wadda reshenta ke barin kati a buɗe bayan haihuwa, ta bar wani abu a ciki. Ana son mai jego ta ji daga likita cikin mako uku na farko, a yi mata cikakkiyar dubawa kafin mako 12, kuma tun 2022 Medicaid a Jojiya ke ci gaba da ɗaukar nauyinta har shekara guda bayan haihuwa. Rigakafin yaro na wata 2, 4 da 6 kowanne sa hannu ne a kati, kuma daidai lokacin ne pampas ɗin 'yan barka ya ƙare, yaro ya koma lamba 2 ko 3.